Yadda Auta Ya Mayar da Ɗakin Inna Fulas

Duk layin an san Auta da abu biyu: yana son mahaifiyarsa, kuma bai taɓa ganin aikin da ya fi ƙarfin bakinsa ba. Rediyo ya lalace, a kawo masa. Famfo yana ɗiga, a kira shi. Abin da ya sa wa hannu kuwa ba ya sake ba kowa wahala, domin daga ranar ya daina aiki ke nan. Ya taɓa yin 'yan watanni yana miƙa wa ma'aikata soso a inda ake gina ɗakin sanyi na ajiye kifi, da ya dawo sai ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Mutanen layi suka karɓa hannu bibbiyu, don sunan yana da daɗin faɗa in ana neman abin dariya.

Gidansu shi ne mafi tsufa a layin. Kakansa ne ya gina shi da dutse da ƙasa, bangon ya yi kaurin da mutum zai zauna a bakin taga ya naɗe ƙafa. Tun ana gini aka bar wa kowane ɗaki 'yan kafofin iska, wasu kusa da ƙasa, wasu can kusa da rufi, kuma farar ƙasa kawai ake shafa masa. In an yi ruwa bangon ya sha laima, in rana ta fito ya sake ta. Haka yake yi tun kafin a haifi duk wanda ke cikin labarin nan, ba tare da kowa ya lura ba.

Aibinsa ɗaya, sanyi. Da sanyin bara ya tsananta Inna ta kwanta da tari, likita ya ce ɗakinta ne ba shi da ɗumi. Yaya, babbar 'yar Inna, ma'aikaciyar asibiti ce da ba ta maimaita magana. Ta zo da mota ta kwashe tsohuwar zuwa gidanta, can saman wani dogon bene, inda Inna take wuni a bakin taga tana kallon rufin motoci ba ta san kowa ba.

Tafiyar ta taɓa Auta fiye da yadda ya nuna. A duk duniya Inna ce kaɗai take sauraron maganarsa har ƙarshe, ta kuma ce masa Allah ya taimaka. Tun da ta tafi gidan ya yi masa faɗi, abinci ma ba ya yi masa daɗi.

Ranar da Yaya ta zo ɗaukar sauran kayan sawa, ta tsaya a ƙofar ɗakin ta yanke hukunci.

“Inna ba za ta dawo nan ba sai ɗakin ya yi ɗumi, ya kuma bushe. In an gyara zan zo in gani da idona. In bai yi mini ba, ta zauna wurina ke nan, magana ta ƙare.”

Auta ya bugi ƙirji. “Yaya, ki ɗauka an gama.”

“Ka nemo wanda ya san tsofaffin gine-gine.”

“Ga shi a gabanki.”

“Shi nake tsoro,” in ji Yaya, ta shiga motarta.

Washegari ya tsallaka shagon mai aski da ke daura da gidan, inda mazan layin suke zama ko ba su da gashin askewa. Ya dire fulas ɗin shayinsa a kan benci, ya ce kowa ya dube shi da kyau.

“Wa zai gaya mini abin da ya sa shayi ba ya hucewa a cikin wannan?”

“Don ba ka ba kowa,” in ji mai aski.

“Don iska ba ta shiga, ba ta fita. Ilimin ke nan gaba ɗayansa. Ɗakin Inna fulas zan mayar da shi.”

“Ita Innar ce shayin?”

“Kai aski ka sani, ka tsaya a kan aski.”

Mai kanti, wanda ya ji ƙamshin ciniki, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin dabara irin wannan ba, kuma yana da leda mai faɗi a shagonsa. Mai aski ya goge rezarsa ya tambaya ko me za a yi da kafofin iskar da kakansu ya bari.

“Kakana mutumin kirki ne,” in ji Auta, “amma bai taɓa shiga ɗakin kifi ba.”

Ya fara da kafofin, ya cusa musu tsumma ya bi da siminti. Ya kankare farar ƙasar da ke waje, ya yaɓe bangon da siminti mai kauri, ya bi da fentin mai har hannu biyu, sai ƙyalli yake. A ciki ya shimfiɗa leda tun daga rufi har ƙasa, ya jera farin soso irin wanda ake samu cikin kwalin firji, ya rufe da allunan katako, ya buga ƙusoshi. Taga kuwa ya bi gefunanta da salatif, ƙofa ya liƙa mata roba. Duk wanda ya zo wucewa sai an tsayar da shi an yi masa bayani, har da mai kai wasiƙu da bai tambayi komai ba.

Matarsa, wadda kowa yake kira Tela saboda sana'arta, tana kan kekenta a tsakar gida tana kallo. Ta zauna da shi shekaru masu yawa, ta san cewa hana shi abu ƙara masa mai ne. Sau ɗaya kawai ta ɗago kai.

“Maigida, in Inna ta yi numfashi, ina numfashin zai je?”

“Ya zauna ya ɗumama ta. Ai shi ne amfanin.”

Ta mayar da kanta kan ɗinki.

Gaskiya ɗaya ce, ɗakin ya yi ɗumi. Auta ya kwashi tabarmarsa ya koma can da zama don gwaji, yana dafa shayinsa a ciki, ƙofa a rufe. Ya kira mutanen layi ɗaya bayan ɗaya su sa hannu su ji. Mai kanti ya ce a rubuta sunansa, in an gama na Inna a zo a yi masa nasa. Kwanakin nan Auta ba ya tafiya a ƙasa.

Sai aka shiga ruwa. Wata safiya Tela ta kawo masa abin kari, ta tarar gilashin taga yana zubar da ruwa layi-layi har ya taru a dakalin tagar.

“Tagarka tana kuka.”

“Laimar ce take fita. Na kore ta, ta rasa wurin zama.”

Tela ta shafa gilashin da yatsa ta nuna masa. “Ta ciki ne fa ya jiƙe. In fita take, ta ɓata hanya.”

Auta ya yi nazari mai zurfi, ya gano cewa laifin gilashin ne. Kafin azahar ya yanko soso ya rufe tagar ruf, ya bi da katako. Daga ranar ba a sake ganin ruwa a gilashi ba, tunda ba a sake ganin gilashin ba. Ya tsallaka ya ba da labari a shagon aski, mai aski ya ce shi ma haka yake yi wa masu sanƙo, sai ya juya madubi.

Bayan taga sai wari. Wari ne mai nauyi irin na rigar da aka manta a bokiti, yana tarar mutum tun daga bakin ƙofa. Auta ya ce ɓera ne ya mutu. Ya ɗaga gado, ya juye akwati, bai ga ɓera ba, sai ya ce ɓeran maƙwabta ne. Ya sayo feshin ƙamshi ya fesa har ya ƙare, warin ya karɓi ƙamshin ya haɗa da nasa. Baƙaƙen ɗigo suka fito a kusurwar rufi, ya shafe su da fenti, suka sake fitowa tare da 'yan'uwansu. Takalman Inna na fata da ke ƙarƙashin gado suka yi fumfuna kore shar. Katifa ta yi danshi, bargo ya yi nauyi.

Da wani ne, da ya fitar da su rana. Amma fitar da katifa tsakar gida shela ce, Tela za ta gani, in Tela ta gani ta yi shiru, shirun nata ya fi magana ciwo. Saboda haka ya aro hita mai ɗumama ɗaki, ya jingine katifar da bargon a cikin ɗakin, ya kunna ta, ya ja ƙofa ya rufe. Ruwan da ke cikin katifa ya tashi ya zama tururi, ya zaga ɗakin bai ga ƙofa ba, ya koma cikin bango inda sauran suke jiransa.

Abin da Auta bai sani ba shi ne, a waje ma ana ta aiki. Simintin da ya yaɓa ya tsage can sama kusa da indararo, don tsohon bango yana motsi, siminti kuwa ba ya yi. Duk ruwan da aka yi sai ya bi tsagar ya shige. Ta waje fentin mai ya tare shi, ta ciki leda ta tare shi, sai ya gangara ya taru a bayan ledar ya yi zamansa.

Ran nan ya durƙusa zai ɗauki takalminsa, ya ga wasu 'yan fararen abubuwa sun tsiro a gindin katakon, reras da su, kowanne da 'yar hularsa. Naman kaza ne, wato lemar kwaɗi. Ya waiga, ba kowa, ya tsinke su ya zuba a aljihu. Washegari suka fito sun fi na jiya. Abin ya zama masa aikin safe, kafin ya wanke ido sai ya yi girbi.

Tela ce ta tona shi ranar wanki. Ta zazzage aljihun rigarsa a bakin famfo daidai lokacin da mai aski ya shigo aron bokiti.

“Injiniya, noma aka koma?” in ji mai aski.

“A hanya na tsinta.”

“Wace hanyar? In bi in samo nawa.”

“Ko da a ɗakin ne ma,” in ji Auta, don bakinsa ba ya iya barin magana ta wuce, “ai alama ce ta ɗumi. Ka taɓa ganin naman kaza ya tsiro a wuri mai sanyi?”

“Ban taɓa ganin ya tsiro a wuri busasshe ba dai.”

Kafin la'asar duk layin ya ji. Mata suka riƙa aiko wa Tela da tambaya ko ana sayarwa, wani tsoho ya tsayar da Auta a hanya ya yi masa fatan damina mai albarka. Auta ya ce hassada ce, kuma duk wanda ya kawo sabon abu haka ake yi masa.

Sannan bangon da ke bayan gado ya fara turowa. Da fari kaɗan ne, sai an karkata kai ake gani. Cikin 'yan kwanaki katakon ya bankaro, ƙusoshi suka fara zarewa da kansu, in ya danna da tafin hannu sai ya ji abu ya motsa a ciki ya dawo. Ya tsaya yana kallonsa. Ya ja gadon gefe, ya tattaro ƙarfinsa ya turo babban kabad ɗin Inna daga inda yake tun aurenta, ya jingine shi da wurin. Kabad ya rufe komai, ɗaki ya koma daidai.

Yana cikin haki waya ta yi ƙara. Inna ce.

“Auta, ya aikin?”

“An gama, Inna. Sai kin gani.”

“Allah ya yi maka albarka. Nan ba wanda yake shigowa a gaisa. Jiya na ga wata mata can ƙasa mai tafiya irin ta Tela, na yi ta kira, ashe ba a ji daga nan. Kana buɗe mini tagar da safe ko?”

Auta ya dubi inda tagar take a da. “Kullum, Inna.”

Da ya ajiye wayar ya zauna a bakin gado, tsoro ya kama shi na gaske. Ba dariyar layi yake tsoro ba, wannan ya saba da ita. Yana tsoron Yaya ta leƙa bayan kabad, ta ja hannun Inna su koma bene, tsohuwa ta ƙare kwanakinta tana kiran mutanen da ba sa jin ta. Mai hankali a nan zai kira Yaya ya ce a ƙara masa lokaci. Auta ya kira ta ya ce su zo ranar hutunta, ya kuma gayyaci layin gaba ɗaya, don a ganinsa in mutane suka cika ɗakin ba wanda zai ga bango.

Ranar ta zo bayan an kwana ana ruwa. Ya yi girbinsa da wuri, ya fesa sabon ƙamshi, ya kunna hita, ya sa rigarsa mai aljihu huɗu ya soke biro a kowanne. Motar Yaya ta tsaya, Inna ta fito a hankali da sandarta, tana gaisawa da kowa da sunansa, fuskarta kamar an ba ta kyauta. Ta dubi bangon waje mai ƙyalli ta ɗan tsaya, sannan ta wuce.

Auta ya kora mutane ciki. Inna ta shiga, Yaya ta bi ta, sai mai aski da mai kanti da maƙwabta iya waɗanda ɗakin ya ɗauka. Tela ta ce ita ta riga ta ga ɗumin, ta tsaya a waje. Ƙofar ta kumbura da laima ta ƙi shiga gurbinta, Auta ya sa kafaɗa ya banke ta har ta shige.

“Jama'a, ku yi shiru ku ji. Akwai wanda ya ji iska?”

Babu wanda ya ji. Tabarau ɗin Yaya ya yi hazo nan take, ta cire ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ya sake yi.

“Auta, warin me nake ji?”

“Sabon aiki ne, Yaya. Haka yake yi.”

“Ina tagar?”

“Tana nan lafiya. Tana ciki.”

Ya shiga bayani da sauri, yana kawo fulas, yana kawo ɗakin kifi, yana nuna rufi da biro don idanu su tafi sama. Ya kusa tsira. Inna ce, wadda aka zaunar a bakin gado, ta yi magana a hankali.

“Wa ya matsar mini da kabad?”

“Nan ya fi kyau, Inna.”

“Can yake zama. In na tashi da safe da shi nake dafawa. Ku taimaka ku mayar mini.”

Mai aski bai taɓa saurin yin aikin alheri irin na ranar ba. Kafin Auta ya kewayo, shi da mai kanti sun kama kabad sun ja. Bangon ya yi wani dogon nishi, ya biyo su. Ya turo gaba ƙato guda kamar cikin mai juna biyu, katako ya lanƙwashe, gefensa duk baƙar fumfuna, ga naman kazan da girbin safe bai kai gare su ba sun yi layi a ƙasa.

Kowa ya zuba wa bangon ido.

“Injiniya,” in ji mai aski, “wata nawa ne?”

Auta ya yi tsalle ya jingina bayansa da wurin, ya baza hannuwa, ya ci gaba da jawabi kamar tsayuwar ce ta yi masa daɗi. Ya ce wannan shi ake kira ajiyar ɗumi, da gangan ya bar masa wuri. Bangon yana tura shi, ƙafafunsa suna zamewa a hankali a kan daɓe, shi kuma yana bayani.

“Matsa daga nan,” in ji Yaya.

“Ƙusa ɗaya ce ta saki, Yaya. A miƙo mini guduma.”

Mai kanti, wanda har yanzu bai fid da rai da ciniki ba, ya miƙa masa. Auta ya juya, ya tokare katakon da gwiwa, ya zaro doguwar ƙusa daga aljihu, ya saita ta a tsakiyar inda ya fi turowa.

“Ku lura da kyau, don wata rana za ku ce a gabanku aka yi.”

Ya buga. Ƙusa ta ratsa katako, ta ratsa soso, ta huda leda. Wani siririn ruwa baƙi ya fito tsiri ya sami mai kanti a ƙirji. Auta ya toshe da babban yatsa. Ruwan ya ɓullo ta wata ƙusar, ya toshe da ɗaya hannun. Na uku ya fito daidai goshinsa, ya sa goshin. Yana nan manne da bango, ya ce kada kowa ya damu, gwaji ne.

Sai ledar ta yage daga sama har ƙasa. Allon ya ɓalle ya kwanta a kansa, na kusa da shi ya biyo baya, ruwan da ya yi makonni yana jira ya kwararo ɗakin da sanyinsa da warinsa. Soso ya farfashe ya tashi fari fat yana manne wa mutane a gashi da gemu. Yaya ta fizge wayar hita daga bango da hannu ɗaya, ta ɗaga ƙafafun Inna kan gado da ɗayan. Mutane suka yi ƙofa, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Aka ja, aka tura, mariƙin ya fita a hannun mai aski.

“Tela,” in ji mai aski ta jikin ƙofa, “ki taimaka, shayin yana son fita.”

“Maigida ya ce ba a buɗewa,” in ji Tela daga waje. “Ɗumi zai gudu.”

Sai da Yaya ta yi magana sannan Tela ta ɗauko taɓarya. Ita da waɗanda suka rage a waje suka daki ƙofar har ta faɗa ciki. Ruwa ya riga kowa fita, ya bi tsakar gida ya fita titi ɗauke da gutsattsarin soso da takalman Inna. Mutane suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, jiƙe, fari-fari, sauran layin kuwa yana tsaye a ƙofar gida yana kallo. Dariyar da aka yi har a layin baya an ji ta.

Aka ɗaga allon aka zaro Auta. Ba abin da ya same shi sai biro biyu da suka ɓata. Tsohon bangon ya fito fili, baƙi, jiƙe sharkaf, ƙasar da ke tsakanin duwatsun ta yi laushi har yatsa yana shiga.

Aka fito da Inna aka zaunar da ita a kujerar Tela. Yaya ta matse gefen mayafinta, ta ɗauki jakarta.

“Na gani da idona. Bangon nan sai an kankare simintin, an buɗe kafofin, ya yi watanni yana shan iska kafin mutum ya kwana a ciki. Inna, tashi mu tafi.”

Dariya ta tsaya. Auta ya buɗe baki, a karo na farko a rayuwarsa bai sami komai a ciki ba. Ya tsaya ruwa yana ɗiga daga haɓarsa, yana kallon sandar Inna, yana jira ta dafa ta ta miƙe. Har mai aski sai da ya kawar da kai.

Inna ba ta miƙe ba. Ta yafito shi, ya zo ya durƙusa, ta shiga cire masa gutsattsarin soso daga gashi ɗaya bayan ɗaya.

“To Auta, yanzu me ka gani?”

Tambayar ta dawo masa da rai. Ya share fuska.

“Na gano kuskuren, Inna. Ledar ce ba ta da kauri. In na samo mai kauri na ninka ta biyu, shi ke nan. Kuma laimar daga sauran ɗakunan take zuwa, dole a yi musu duka. Zan fara da kicin, in bi da zaure, sannan in hau rufin...”

Inna ta saurare shi har ƙarshe, kamar yadda ta saba. Ta dubi kicin, ta dubi zaure, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rufin da mahaifin mijinta ya ɗora. Sannan ta juya wurin Yaya.

“Ki aiko mini da kayana.”

“Inna, a ina za ki kwana?”

“Ɗakin Tela yana da ɗumi, rana tana shiga. Za mu zauna tare.”

“Da ma gadon ya yi mini faɗi,” in ji Tela.

“Ni fa?” in ji Auta.

“Zaure yana nan, tunda ba ka kai gare shi ba tukuna.”

Yaya ta fara kawo maganar likita da tari, Inna ta ɗaga mata hannu.

“Tari yana da magani. Wata nawa na yi ba na nan, kin ga ɗaki ɗaya. In na ƙara wasu, gidan zan dawo in tarar babu. Ki bar ni kusa da shi, in sa kujera inda zan riƙa ganin hannunsa.”

Yaya ta dubi ƙaninta, ta dubi rufin ita ma, ta ajiye jakar. Ta ce da yamma za ta kawo kayan da magungunan, kuma gudumar a ba Tela ta kulle.

Auta ya miƙe a hankali. Idonsa ya kawo ruwa, amma da yake duk jikinsa ruwa ne ba wanda ya kama shi. Ya gyara wuyan rigarsa, ya juya wurin mutanen layi da suka cika ƙofar gida, ya nemo mai aski a cikinsu.

“Na ce zan dawo da ita gida,” in ji shi. “Ga ta nan ko ba ta nan?”